Jinkirin Juye Ne Ke Sa Inji Yoyo da Ƙona Gasket?

 A zagayen da muka yi cikin ranin nan mun tarar da wata gardama a ƙungiyoyi dabam dabam, har muka ga ya kamata mu kawo ta cikin wannan takarda domin kowa ya amfana.

A wani ƙauye da ke bakin kogin Gongola, ƙungiyar manoma tana da injuna biyu, ɗaya na niƙa mai shan gas, ɗaya ƙarami na ban ruwa mai shan fetur. Cikin wata guda dukansu suka tsaya. Na niƙa ya ƙona gasket, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Na ban ruwa kuwa mai ya riƙa tsiyaya ta gefensa har ya kusa ƙarewa. Tumatir yana fure, ya yi kwana biyar bai sha ruwa ba. Da aka zauna taro, yaron inji ya ce sau uku yana roƙon kuɗin juye ana ce masa ya bari sai an sayar da tumatir. Ma'aji ya ce shi da idonsa ya ga mai a ciki, kuma mai ai mai ne. Wani dattijo ya ce shi dai ya lura, ran da aka zuba sabon mai a motar ɗansa, washegari ta fara yoyo, don haka yawan juye ne ke ɓata inji. Aka tashi baram-baram.

To, wa ke da gaskiya? Amsar da za mu ba ku a taƙaice ita ce: jinkirin juye yana da hannu sosai wajen lalata robobin da ke tare mai, amma gasket ɗin kan inji yawanci zafi ne ke kashe shi. Wanda bai raba waɗannan biyu ba zai yi ta kashe kuɗi yana maganin ciwon da ba shi ne ke damun injinsa ba.

Gasket daban, roba daban

Gasket shimfiɗa ce da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu da ba sa motsi, a ɗaure su da noti domin kada wani abu ya fita ta tsakaninsu. Akwai ƙananan gasket na takarda ko na roba, kamar na murfin bawul da na tukunyar mai da ke ƙasan inji. Akwai kuma babba, wanda kanikawa ke ce wa gasket ɗin top. Shi yana tsakanin kan inji da gangar jikinsa, aikinsa kuwa ya fi na kowane wuya, gama shi ke raba abu uku: wutar da ke tashi cikin silinda, da ruwan sanyaya inji, da baƙin mai.

Oyil sil kuwa zobe ne na roba mai ɗan leɓe, da siririn sifirin a cikinsa da ke matse leɓen a jikin sandar ƙarfen da ke juyawa. Sandar tana juyi, leɓen yana tsaye yana gogarta. Ƙaramin injin fetur na ban ruwa yakan yi juyi har 3,600 a minti ɗaya. Ku lissafa: cikin awa 100 ya yi juyi miliyan 21 da dubu 600 ke nan. Abin da ke hana leɓen nan ƙonewa shi ne ɗan siririn mai da ke tsakaninsa da ƙarfe. Kun ga ashe ran robar nan yana hannun baƙin mai. In man yana da kyau, ta daɗe. In ya ɓaci, ita ce ta fara ji a jika.

Abin da ke samun mai in ya tsufa

Maganar ma'aji cewa mai ai mai ne, nan ne kuskurenta yake. Baƙin mai na kirki ba tsurar mai ba ne. Masu yinsa suna zuba masa magunguna iri iri: mai wanke dauɗa ya riƙe ta kada ta kwanta, mai hana ƙarfe cin ƙarfe, mai kashe kaifin asid. Waɗannan magunguna ƙarewa suke yi da aiki, kamar yadda sabulu ke ƙarewa da wanki. Man yana nan a ido, amma ƙarfinsa ya tafi.

Zafi ma yana tsufar da shi. Masana harkar mai suna da wani lissafi, cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Salsiyas yakan ninka saurin lalacewar mai kusan sau biyu. Injin da ke aiki a fadama da tsakar rana cikin watan Afrilu, mansa ba zai kai kwanakin na injin da ke aiki a ƙasar sanyi ba.

Sa'an nan ga abin da ke faɗawa cikinsa. Duk bugun da fistin ya yi, hayaƙi kaɗan yakan kuɓuce ta gefen ringi ya sauka cikin tukunyar mai. Hayaƙin nan yana ɗauke da kunkunniya, da tururin ruwa, da ragowar fetur ko gas da bai ƙone ba. A injin gas akwai ƙari, domin gas yana da farar wuta a cikinsa. In ta ƙone ta haɗu da tururi, sai ta zama asid irin na ruwan batir. A Turai tun 2009 doka ta tsayar da farar wuta cikin gas ɗin mota a kashi 10 cikin miliyan. A Nijeriya an daɗe ana yarda da har kashi 3,000 cikin miliyan, sai a 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka zauna a Wagadugu suka amince da kashi 50 ga man da ake shigowa da shi. Wannan ci gaba ne, amma gas ɗin da muke saya a jarka a bakin hanya ba wanda ya auna shi. Masu ƙera inji da yawa sun rubuta a littattafansu cewa in gas yana da farar wuta da yawa, a rage tsawon lokacin juye.

Hanya uku da tsohon mai ke kashe roba

Ta farko, taurarawa. Yawancin oyil sil da ake samu a kasuwa an yi su da wata roba da ake kira naitiril, wadda takan jure zafi har wajen digiri 100 zuwa 120. Akwai mai tsada da ake kira Viton, ita takan kai wajen 200. Roba mai rai tana lanƙwasa ta bi sanda duk inda ta karkata. In ta daɗe cikin mai mai zafi da asid, sai ta bushe ta yi tauri kamar tsohuwar fatar da aka bari a rana, leɓenta ya tsattsage. Ƙananan gasket na roba su ma haka suke yi, su shanye su daina cika gurbinsu.

Ta biyu, gurza. Ƙurar hunturu, da yashin fadama, da ƙurar wurin niƙa, duk suna shiga inji, musamman in matatar iska ta yage ko an cire ta. Su gauraya da garin ƙarfe cikin mai, su taru a ƙarƙashin leɓen roba. Sai ya zama kamar an sa dutsen wasa wuƙa yana bin sanda dare da rana. Leɓen ya cinye, har sandar ma ta yi ɗan kwari a zagaye. In kwarin nan ya fito, ko an sa sabuwar roba ba za ta riƙe ba, sai an gyara sandar. Ƙananan injunan ban ruwa da yawa ba su da matatar mai ko kaɗan. Juye shi kaɗai ne hanyar fitar da dattin da ya shiga.

Ta uku, toshewar numfashi. Wannan ita mutane ba su cika sani ba. Hayaƙin da muka ce yana sauka cikin tukunyar mai dole ya sami mafita, shi ya sa kowane inji yake da ƙofar numfashi, wani bututu ne, wani kuma ɗan bawul. In mai ya wuce lokacinsa, yakan zama dauɗa mai kauri kamar kwalta, ta toshe ƙofar nan. Hayaƙi ya rasa hanya, ya cika cikin inji, ya tura mai ta duk inda ya sami rauni: ta oyil sil, ta gasket ɗin murfi, har ta ramin sandar awon mai. Mun sha ganin an canja roba sau biyu, sau uku, yoyo bai tsaya ba, ana zagin mai sayar da kaya, alhali kuwa ƙofar numfashi ce a toshe. In ringi ya cinye, hayaƙin ma ƙaruwa yake yi, kuma tsohon mai mai datti shi ke saurin cinye ringi.

To, gasket ɗin top fa?

A nan kam yaron inji bai faɗi daidai ba. Gasket ɗin top, wurin da yake shan wahala shi ne bakin silinda inda wuta take. Abin da ya fi kashe shi zafi ne da ya wuce kima. In inji ya ɗauki zafi, kan inji yakan buɗe, wani lokaci ya karkace, sai matsin da ke kan gasket ya saki a wani gefe, wuta ta sami hanya ta ƙone shi. A injin da kansa na alminiyam ne, jikinsa na baƙin ƙarfe, abin ya fi sauri, gama alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe.

Me ke kawo zafin? Ruwa ya ƙare. Lagireto ya toshe da ƙaiƙayi ta waje, ko da laka ta ciki. Fambel ya saki ko ya tsinke. Murfin lagireto ya ɓace an toshe da tsumma, alhali murfin nan shi ke matse ruwa ya hana shi saurin tafasa. Injunan niƙa masu silinda ɗaya da ake kawowa daga ƙasar Sin, da yawansu tukunyar ruwa ce a buɗe a kansu. Ruwan tafasa yake yi yana fita, haka aka ƙera su, sai mai inji ya riƙa ƙarawa kafin ya sauka ƙasa da alama. Ruwan rafi mai laka da ruwan rijiya mai kanwa-kanwa suna barin ɓawo a ciki kamar na tsohuwar butar shayi, ɓawon ya hana zafi fita. Ban da zafi, akwai ɗaurin noti: in bakanike bai ɗaure notin kan inji bi da bi, da ƙarfin da littafi ya faɗa ba, ko kuwa ya mai da tsohon gasket, ba za a daɗe ba a sake kiransa. Ɗora wa inji nauyin da ya fi ƙarfinsa shi ma yana ciki.

Duk da haka kada mu wanke baƙin mai sarai. Mai yana ɗauke wani kashi na zafin inji, balle a ƙananan injuna marasa ruwa da iska ke sanyaya su. In mai ya ragu ƙwarai ko ya yi kauri ya kasa zagayawa, zafi yakan ƙaru. Watau tsohon mai yana iya taimaka wa zafi, amma ba safai yake zama shi ne mai laifin farko ba. Wanda injinsa ya ƙona gasket ya fara duba ruwa kafin ya duba mai.

Alamun gasket ɗin top a injin mai ruwa su ne: mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa tana tasowa a bakin lagireto, farin hayaƙi yana fita ta salansa ko bayan inji ya ɗumama. In kun ga haka ku kashe inji nan take. Man da ya sha ruwa ba ya kare ƙarfe, in aka ci gaba, inji ne zai buga.

Maganar dattijo

Abin da dattijon nan ya gani gaskiya ne, fassararsa ce ba daidai ba. Injin da aka daɗe ba a yi masa juye ba, robarsa ta riga ta tsage, sai dai dauɗa ta liƙe tsagar. Sabon mai ya zo da maganin wankinsa, ya ɗauke dauɗar, yoyo ya bayyana. Sabon mai bai tsaga komai ba, asiri kawai ya tona. Barin dauɗa domin ta toshe yoyo kuwa, barin kashi a ciki ne, ba ya maganin yunwa.

Amma akwai kurakurai na ranar juye da ke kawo yoyo da gaske. Cika mai fiye da alamar sama yana sa ya yi kumfa ya matsa wa roba. Ɗaure notin juye da ƙarfin tsiya yana cinye zarensa, kuma ɗan zoben da ke ƙarƙashinsa yana son canji in ya baje. In ana canja matatar mai, a duba kada robar tsohuwar ta manne a jikin inji a ɗora sabuwa a kanta, gama roba biyu ba sa riƙe mai. A shafa wa robar sabuwar mai kaɗan, a ɗaure da hannu. Har wa yau a yi hankali da man da ake aunawa a kwalba a bakin titi. Wani tsurar mai ne ba magani ko ɗaya a ciki, wani tsoho ne aka tace. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha yin gargaɗi a kan jabun baƙin mai. Araha ba ta ado.

A ƙidaya awa, ba wata ba

Mai mota yana duba mitar tafiya. Mu kuwa injunanmu a tsaye suke, awa ce ma'auninsu. Littafin ƙaramin injin Honda GX160, wanda shi da masu kama da shi suka cika fadamunmu, ya ce a yi juyen farko bayan awa 20 ko wata ɗaya, daga nan kowace awa 100 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Mutane sukan riƙe wata shida su manta da awa 100. In inji yana aiki awa 8 kullum, awa 100 za ta cika kafin mako biyu. Man da yake ci kuwa wajen lita 0.6 ne, bai kai lita ɗaya ba. Tarakta da yawa littafinsu ya ba da awa 250, wasu sababbi har 500 in ana sa man da aka faɗa. Kowane inji a bi littafinsa, kuma inda ƙura da zafi suka yi yawa a rage, kada a ƙara.

Kada a dogara ga launi. Man injin gas yakan yi baƙi cikin 'yan awoyi, wannan ba ya nufin ya mutu. A jikin galan a duba haruffan API: wanda ya fara da S na fetur ne, wanda ya fara da C na gas ne, wani man yana ɗauke da duka biyu. Kaurinsa kuma, kamar 15W-40 ko SAE 40, a bi abin da littafin injin ya ce. Zuba mai mai kauri domin a ɓoye yoyo ba ya mai da robar da ta tsage.

Shawara ga ƙungiyoyi

Na ɗaya, a ajiye littafi kusa da kowane inji. Mai tuƙa shi ya rubuta lokacin da ya tayar da lokacin da ya kashe, sakatare ya haɗa jimla kowace Asabar.

Na biyu, daga kowane kuɗin niƙa ko na hayar inji a ware wani abu a asusun juye. Kada yaron inji ya zo yana roƙo. A sayi galan a ajiye tun kafin a fara ban ruwa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, kowace safiya kafin a tayar da inji a duba mai, inji yana zaune daidai ba a karkace ba, a duba ruwa, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo.

Na huɗu, ranar juye a tsiyaye mai tun inji yana da ɗumi, a wanke matatar iska, a duba ƙofar numfashi.

Na biyar, a zuba ruwa mai tsabta, na sama in an samu. Kada a kwara ruwan sanyi a injin da ya ƙafe yana zafi, kansa yana iya tsagewa. A bar shi ya huce tukuna.

Na shida, tsohon mai a tara shi a jarka nesa da rijiya da fadama. Kada a shafa wa dabba a ciwo, kuma a wanke hannu da sabulu, domin yana da guba.

A ƙauyen nan da muka fara da shi, mun sake zama da su tare da bakanike. Da aka lissafa, injin ban ruwa ya yi mako shida yana aikin awa 8 kullum da mai ɗaya, watau ya haura awa 300. Robarsa ta yi tauri har tana karyewa a hannu. Ma'aji ya karɓi laifinsa. Da aka buɗe na niƙa kuma, sai ga hanyar ruwa cike da ɓawo, yaron ya yarda cewa ranar kasuwa layi ya yi yawa, bai tuna da ruwa ba sai da ya ji ƙauri. Kowa ya ga nasa. Kuɗin gyaran da suka biya, ban da tumatirin da ya zubar da fure, da ya ishe su juye har ƙarshen rani. Yanzu littafin awa yana rataye a rumfar inji, galan ɗin mai kuma yana ɗakin ma'aji.

In ƙungiyarku tana da wata matsala ta inji, ku rubuto mana, ko ku tare mu in mun zo zagaye. Ku zo da littafin injin in yana nan, mu karanta tare. Allah ya ba mu amfani mai albarka.